Ba Kowane Ciwon Ciki Ba Ne Olsa

Jama'a, don girman Allah a daina yanke wa kai hukuncin olsa. Mun gaji da ganin mutanen da suka yi shekaru suna sayen omefirazol a kemis, alhali ba likitan da ya taɓa duba cikinsu. Ka tambayi mutum wa ya ce masa olsa ce, sai ya ce maƙwabcinsa. Haba!

Akwai wani ƙari da ke tsirowa a tumbi, likitoci na kiransa kasinoyid. Ba a cika samunsa ba, kuma yawanci a hankali yake girma, shi ya sa yake samun maɓoya a bayan sunan olsa. Wani nau'insa yana zubo sinadarin serotonin, wanda dama kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji jiki ke haɗa shi. Idan ƙarin ya kai hanta, sinadarin ya yi yawa a jini, sai zawo mai ruwa-ruwa ya ƙi tsayawa, fuska ta riƙa ɗaukar zafi farat ɗaya, ƙirji yana ƙara kamar na mai asma, a ƙarshe har zuciya ta taɓu. Shi kuwa bawan Allah yana can yana haɗa filajil da jiƙon basir.

Baba, Hajiya, na san kuɗin asibiti da nauyi, ban raina wahalarku ba. Amma ku lissafa abin da kuka zuba a kemis shekara da shekaru. Omefirazol magani ne mai kyau idan likita ya rubuta, sai dai idan ƙari ne, yana kwantar da zafin ne kawai, ku ɗauka kun warke. Yana ma iya rikita gwajin jinin da ake nemo wannan ƙari da shi. Ƙarin da aka gano tun bai girma ba kuwa, sau da yawa ta bututun leƙa ciki ake cire shi, ba a tsaga mutum ba.

To, a taƙaice:
- Rama, aman jini, baƙin bahaya, ƙarancin jini ko ciwon da ya ƙi jin magani: asibiti, yau.
- Aka ce a yi hoton leƙa ciki, ku yi. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano suna yi.
- Aka ba ku gwajin fitsarin awa 24, ku daina cin ayaba, abarba da tumatir na 'yan kwanaki kafin nan.
- Ku zo da duk kwalayen magungunan da kuke sha, har da na gargajiya. Kada ku ɓoye mana ko ɗaya.