Magungunan rage asid ɗin ciki da garkuwar jiki

Magungunan rage asid ɗin ciki su ne waɗanda ake sha saboda ƙwannafi da gyambon ciki. Manyan rukunansu biyu ne. Na farko, irin su simetidin da famotidin, suna toshe mazaunin histamin, sinadarin da ke sa a fitar da asid, a bangon ciki. Simetidin ya shiga kasuwa a 1976, kuma yana cikin ayyukan da suka sa James Black ya sami kyautar Nobel a 1988. Na biyu, irin su omeprazol da pantoprazol, sun fi ƙarfi, domin famfon da ke fitar da asid ɗin suke kashewa kai tsaye. Kamfanin Astra na Suwidin ne ya fito da omeprazol a 1988.

Asid ɗin ciki ba narkar da abinci kaɗai yake yi ba. Mai gadin ƙofa ne. Idan tsaminsa ya yi ƙarfi har ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 4, yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci ko ruwa sukan mutu kafin su kai hanji. Da zarar magani ya rage tsamin, sai su wuce da ransu. Shi ya sa aka danganta waɗannan magunguna da gudawar da ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kamfilobakta ke kawowa, har a 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan gudawa mai tsanani ta ƙwayar Clostridium difficile.

Batun fararen ƙwayoyin jini ya fi sarƙaƙiya. Iri biyu daga cikinsu, nutrofil da makrofaj, sukan haɗiye ƙwayar cuta, su kulle ta cikin wata 'yar jaka, su narkar da ita. Gwaje-gwaje sun nuna omeprazol yana rage wa nutrofil sinadaran iskar oksijin da yake kisa da su, ana kuma zargin yana taɓa famfunan da ke tsamantar da jakar. Sai dai yawancin wannan hujja daga ɗakin gwaji take. Babban gwajin COMPASS, wanda ya bi mutum 17,598 kimanin shekara 3, ya gano ciwon hanji ya kama kashi 1.4 cikin ɗari na masu shan pantoprazol, waɗanda ba sa sha kuwa kashi 1.0. Ciwon huhu bai ƙaru ba. Haɗarin na nan, amma ga mai lafiya ba babba ba ne. Ya fi nauyi ga tsofaffi, da masu ciwon hanta da ciki ya tara ruwa, da jarirai bakwaini.

A Sudan lissafin ya bambanta, saboda kwalara. An daɗe da sanin cewa mai ƙarancin asid, ƙwayoyin kwalara kaɗan sun isa su kwantar da shi. Cutar ta ɓarke a Gadarif a 2023, sannan a Kasala a 2024, jihohin da Hausawa ke da yawa. Ga shi kuwa mutane da dama na sayen omeprazol a kantin magani ba takardar likita, musamman da azumi, wasu ma ba su daina ba bayan salla.

Mai gyambo na jini ko wanda ake yi wa maganin Helikobakta, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, bai kamata ya bar shan maganin rage asid da ra'ayin kansa ba. Wanda ya daɗe a kai kuma, idan ya yanke farat ɗaya, asid kan dawo da ƙarfi na 'yan makonni, don haka likitoci kan sa a janye shi sannu a hankali.