Laburaren API: Wa ke kula da shi, kuma yaya ake gyara shi idan ya samu matsala?

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke haɗa aikinsa na shekarar ƙarshe, da matashin da ke yi wa ɗan kasuwa manhajar karɓar kuɗi a Sakkwato, duk a kan kod ɗin wasu suke gini. Kaɗan ne ke tambayar wa ke riƙe da wannan kod ɗin. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a kan wannan aiki.

Mene ne laburaren API?

API hanya ce da kamfani ke buɗewa domin manhajar wani ta yi magana da sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansa a intanet, kai tsaye: ta tura saƙon tes, ta karɓi kuɗi, ta tambayi yanayin gari. Kana iya rubuta kowace buƙata da hannunka, amma za ka gaji da maimaita abu ɗaya: saka mabuɗin sirri, tsara bayanai a JSON (tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi), fassara amsar da ta dawo. Laburare kod ne da wani ya tattara waɗannan ayyuka a ciki, kai kuma ka kira layi ɗaya.

Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwar dabbobi ta Kara. Sa ba nasa ba ne, kuɗin ma ba nasa ba ne, amma idan ciniki ya ɓaci shi ake fara riƙewa.

An rubuta shi, yana aiki. To me zai lalata shi?

Kod ba ya ruɓewa, abin da ke kewaye da shi ne ke motsi. Kamfanin da ke da API zai sauya sunan wani fili ko ya rufe tsohuwar siga. Harshen da aka yi rubutun da shi zai ci gaba: an daina kula da Python 2, tsohuwar sigar harshen rubuta manhaja na Python, tun 1 ga Janairun 2020, duk laburaren da bai koma Python 3 ba ya zama kaya a wuyan masu amfani da shi. Sannan laburarenka ma a kan wasu yake tsaye. A Maris ɗin 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan kod mai suna left-pad daga npm, rumbun da ake ɗauko laburaren harshen JavaScript. Layi 11 ne kacal, amma manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa har sai da aka maido shi.

Wani ya ce “abin ba ya aiki”. Daga ina mai gyara zai fara?

Daga sa matsalar ta faru a gabansa. Kuskuren da ba ka iya maimaitawa ba, ba za ka san ka gyara shi ba ko da ka gyara. Saboda haka sai a tambayi mai ƙorafi: wace sigar laburare ce a hannunka, me ka tura, me ya dawo? A kuma roƙe shi ya goge mabuɗinsa na sirri kafin ya liƙo bayanan, don sau da yawa gaggawa na sa mutane su watsa shi a bainar jama'a.

Lambar da saba ta mayar tana rage rabin wahala. Idan ta fara da 4, yawanci daga ɓangaren mai turawa ne: 401 ba a tantance ka ba, 404 ba a samu abin da ka nema ba, 429 ka cika turo buƙatu. Idan ta fara da 5, kamar 500 ko 503, can wajen saba ne, ba abin da za ka taɓa a kod ɗinka sai yadda yake jure wa hakan.

Da an gano, kada a yi saurin gyara. A fara rubuta gwaji, wato ɗan kod da ke duba aikin laburaren, wanda zai faɗi saboda wannan kuskuren, sannan a yi gyara har gwajin ya wuce, a bar shi a cikin laburaren har abada. Shi zai hana wani ya dawo da matsalar bayan wata shida ba da saninsa ba. Idan kuma abin yana aiki a da sai daga baya ya tsaya, akwai umarnin git bisect na git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, wanda ke raba tarihin sauye-sauye biyu-biyu. Ko sauyi dubu ne, gwaji kamar goma ya isa ya nuna wanda ya jawo.

Wace matsala ce ta fi shafar mu a nan?

Ɗaukewar sabis ana tsakiyar aiki. A ganina, wannan ce ta fi cancantar lokacin duk mai kula da laburaren da za a yi amfani da shi a Gwadabawa ko Isa, ko ma a cikin gari ranar da netwok ke wasa.

A ce manhaja ta tura umarnin cire naira dubu ashirin. Umarnin ya isa, an cire kuɗin, amma kafin amsa ta dawo sabis ya yanke. Manhaja ba ta da hanyar sanin ko umarnin ne bai isa ba ko amsar ce ta ɓata a hanya. Idan laburaren ya sake turawa da kansa, an cire dubu arba'in, mai shago kuma shi zai sha surutu. Idan bai sake ba, kwastoma yana tsaye da alat a wayarsa, manhaja na cewa bai biya ba.

Maganin da aka sani shi ne a ba kowace ma'amala lamba tata ta daban, a tura ta tare da umarnin. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na karɓar wannan a wani fili mai suna Idempotency-Key: idan buƙata ta sake zuwa da lambar da aka riga aka gani, sai a mayar da amsar farko ba tare da an sake cire komai ba. Inda API ba shi da irin wannan, gara laburare ya tambayi matsayin ma'amalar kafin ya sake turawa. Karanta bayani ana iya maimaita shi sau goma ba illa. Cire kuɗi kuwa a'a.

Sai batun jira. Laburaren requests na Python, wanda kusan kowane mai koyo ya taɓa amfani da shi, ba ya sa wa'adin jira sai ka sa masa da kanka. Wanda ya gina nasa a kai ya manta da wannan, manhajarsa na iya daskarewa tana jiran amsar da ba za ta zo ba. In za a sake gwadawa kuma, a riƙa ƙara tazara: daƙiƙa ɗaya, biyu, huɗu. Idan saba ta aiko da 429 tare da Retry-After, ta riga ta faɗi tsawon jiran, sai a bi.

Ban da netwok fa?

Kuɗi, haruffa da lokaci. Paystack, wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na karɓar adadi a kobo, wato naira 5,000 ana tura ta a matsayin 500000. Mai laburare sai ya saba ninka komai sau ɗari. Ranar da ɗan kasuwar Illela mai hulɗa da Birnin Ƙonni ya zo da sefa, lissafi na iya ɓaci, domin a ma'aunin ISO 4217 na kuɗaɗen duniya sefa ba ta da ƙananan rassa irin kobo, kuma kowane API da yadda yake son a turo masa ita. A karanta takardunsa, kada a yi zato. Kada kuma a ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo: a yawancin harsuna, 0.1 da 0.2 in an haɗa su 0.30000000000000004 suke bayarwa.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin haruffan GSM na saƙon tes. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, a raba shi gida-gida, kuɗin turawa ya ƙaru. Sunaye irin Sa'adatu da Mu'azu ma sun sha karya kod ɗin da bai yi tsammanin alamar ' a tsakiyar suna ba. Mai rubutu a Amurka ba lallai ya taɓa gwada su ba, don haka mu ne ya kamata mu saka su cikin gwaje-gwaje.

Lokaci kuma: Najeriya na gaban UTC, agogon duniya da sabobi da yawa ke bi, da awa ɗaya. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare saba na iya rubuta shi a ranar jiya, lissafin yini ya ƙi daidaita.

In an gano kuskure, me zai hana a gyara a saki nan take?

Mutanen da ba ka taɓa gani ba sun riga sun yi gini a kan yadda laburarenka yake, har da kurakuransa. Hyrum Wright, wanda ya yi aiki a Google, shi ya lura cewa idan masu amfani suka yi yawa, duk wata ɗabi'a da ake iya gani a API sai an samu wanda ya dogara da ita, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba.

Shi ya sa ake bin tsarin lambar siga mai gida uku da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub (shafin da ake ajiye kod a intanet), ya rubuta. Daga 2.4.1 zuwa 2.4.2 gyara ne kawai. Zuwa 2.5.0 an ƙara sabon abu ba a karya tsoho ba. Zuwa 3.0.0 kuwa gargaɗi ne cewa kod ɗinka na iya tsayawa. Abin da za a cire, a fara sa masa sanarwar cewa ya kusa tafiya, a ba mutane lokaci, a kuma rubuta kowane sauyi da harshen da mai gaggawa zai gane.

Idan matsalar ta tsaro ce?

Wannan ba a shelanta ta. A sanar da masu kula a asirce, su fitar da gyara, sannan a yi bayani. A Disambar 2021 aka bayyana ɓarakar Log4j, laburaren Java da 'yan sa-kai ke kula da shi a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Gyaran farko, 2.15.0, bai toshe komai da komai ba, sai da 2.16.0 da 2.17.0 suka biyo baya a cikin watan. A Maris ɗin 2024 kuma Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz Utils, manhajar matse fayiloli. Wanda ya dasa ta ya daɗe yana taimaka wa aikin har aka yarda da shi aka ba shi dama. Saboda haka mai kula ya karanta duk kod ɗin da aka kawo masa, ko daga hannun wanda ya saba da shi ne.

Ni mai koyo ne. Ta ina zan shiga?

Ba sai da babbar kwamfuta ko data mai yawa ba. Ɗauki laburaren da kake amfani da shi, ka duba ƙorafe-ƙorafen da ke jira a GitHub, ka zaɓi wanda ba a tabbatar ba ka gwada maimaita shi a kwamfutarka. Idan ya faru, rubuta sigar da ka yi amfani da ita da mafi gajeren kod da ke jawo shi. Yawancin ayyuka suna da fayil mai suna CONTRIBUTING da ke faɗin yadda suke son a kawo gyara, karanta shi kafin ka tura komai.