Kafin ka biya kuɗin jim, ka zo a auna ka tukuna

Jama'a dan Allah ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a nan Kaduna, kuma abin da na gani kwanan nan ne ya sa nake wannan rubutun.

Wani bawan Allah ɗan kasuwa, shekarunsa sun haura 40, ya kawo matarsa awo yana zaune yana jira, sai na ce Alhaji miƙo hannu na auna ka tunda ga ka a zaune. Jininsa ya kai 180 bisa 110, kuma wallahi ko ciwon kai ba ya ji. Shi ne yake ce min ai shekaranjiya ya biya kuɗin wata uku a jim, wato gidan motsa jiki, yana so ya rage tumbi, har ma an fara ba shi ƙarfe yana ɗagawa. Ba wanda ya tambaye shi komai game da lafiyarsa, kuɗi kawai aka karɓa aka nuna masa injina. Gabana sai da ya faɗi.

Motsa jiki abu ne mai kyau, mu da kanmu kullum shi muke cewa a yi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a sati. Matsalar ita ce hawan jini ba ya sallama, mutum zai yi shekaru da shi yana harkokinsa bai sani ba. Lafiyayyen jini yana wajen 120 bisa 80 ne, in ana auna ka ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka toh akwai magana. Kuma duk lokacin da ka ɗaga ƙarfe mai nauyi kana riƙe numfashi kana nishi, jinin nan ƙara hawa yake yi a take, wanda dama nasa a sama yake shi ne ake ji wa tsoron shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya.

Awon ba wani dogon abu ba ne fa. Za a duba jini, a duba suga, a ƙirga bugun zuciyarka kana hutawa (tsakanin 60 zuwa 100 a minti ake so), a auna nauyi da ƙugu. Amma ni a wajena tambayoyin sun fi komai muhimmanci, don haka ka faɗi gaskiya. Kana jin ƙirjinka na ɗaurewa in ka hau bene? Ka taɓa suma ko jiri ya ɗebe ka kana gudu? A danginku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi? Wane irin magani kake sha, har da na gargajiya? In amsar ɗaya daga ciki ta ba da damuwa sai mu tura ka asibitin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko Gwamna Awan a yi maka gwajin zuciya likita ya duba. Masu sikila, masu asma musamman lokacin ƙurar hunturu, masu ƙaba, da mata masu ciki ko waɗanda aka yi wa tiyatar haihuwa ba da jimawa ba, duk kar ku fara sai kun ji daga bakin likita.

Matasa na san za ku ce ai wannan maganar dattawa ce. Samuel Okwaraji ɗan ƙwallon Najeriya ne mai ji da ƙarfi, a 1989 ya faɗi a fili a Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru haka ya faɗi a Faransa a 2003, ciwon zuciya ne da ba ya nunawa a fuska.

Akwai kuma wani abu da ƴan uwa ba su sani ba, mutumin da ya daɗe bai motsa ba ya je ranar farko ya ce sai ya kamo waɗanda suka shekara suna yi, ga zafin Maris da Afrilu ga rashin shan ruwa, tsokar jikinsa tana iya lalacewa ta zubo cikin jini ta taɓa ƙoda. Alamarsa jiki ya yi tsami fiye da kima, fitsari ya koma kalar shayi ba madara. In ka ga haka asibiti za ka nufa a ranar, kar ka tsaya shan maganin ciwon jiki a kemis, wasunsu ƙara wa ƙodar wahala suke yi.

Ku kuma masu jim da koci-koci, na'urar auna jini ba ta fi ƙarfinku ba, ku saya ku ajiye a teburin karɓar kuɗi. Sabon zuwa ku fara gwada shi da tafiya da ƙarfe marar nauyi ku ga inda numfashinsa ya tsaya, ku rubuta, daga nan a riƙa ƙarawa a hankali.

Shi Alhajin nan likita ya ɗora shi kan magani, ya ce ya ajiye ƙarfe tukuna. Yanzu tattaki yake yi a Murtala Square bayan sallar asuba, sati biyu zai dawo mu sake aunawa.