Mayar da Kwamfutar da Aka Saya ta Intanet: Abin da Dokar Tarayyar Turai Ta Tanada

Wanda ya shiga kanti sayen kwamfuta yana iya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya danna maɓallai, ya duba hasken allonta kafin ya zaro kuɗi. Wanda ya saya ta intanet kuwa hoto kawai ya gani, sai bayanin da mai kaya ya ga damar rubutawa. Saboda wannan giɓi ne Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin mai saye mai lamba 2011/83 a shekarar 2011, wadda ta fara aiki a ƙasashen ƙungiyar ranar 13 ga Yuni, 2014. Dokar ta bai wa duk wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 da zai iya fasa cinikin a cikinsu ba tare da ya faɗi dalili ba, ko da kayan lafiyarsu ƙalau. Wanda ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu zai ga kamanninsa da abin da malamai ke kira hiyari, sai dai a nan doka ce ta ɗora sharaɗin, kuma mai sayarwa ba shi da ikon soke shi a takardar ciniki.

Ana fara ƙirga kwanakin ne daga ranar da kayan suka shiga hannun mai saye, ko hannun wanda ya wakilta ya karɓar masa. Wannan ya shafi masu aika kuɗi daga Kano ko Maraɗi domin wani ɗan'uwa da ke Jamus ko Italiya ya karɓi kwamfuta ya riƙe har a sami mai zuwa gida, domin kwana 14 ɗin sukan ƙare tun kwamfutar tana cikin akwati a can. Haka kuma kariyar ta mai saye don amfanin kansa ce daga hannun ɗan kasuwa; wanda ya saro kwamfutoci domin ya sayar, ko ya saya daga wani mutum da ke rabuwa da tsohuwar kwamfutarsa, ba ya cikin waɗanda dokar ta rufa wa baya.

Ajiye kwali a gidan waya kawai bai wadatar ba. Dole mai saye ya sanar da mai sayarwa a fili cewa ya fasa, kuma saƙon imel ya fi kiran waya tunda yana barin shaida. Daga nan yana da wasu kwana 14 na aika kayan, shi ma mai sayarwa yana da kwana 14 na mayar da kuɗi, har da kuɗin kawowa na farashin da aka saba, ko da yake yana iya riƙe kuɗin har kayan su iso ko a nuna masa rasidin aikawa. Kuɗin mayarwa a kan mai saye yake, sai idan kantin ya ɗauki nauyi ko kuma bai faɗa tun farko ba.

Inda rigima ta fi yawa shi ne batun manhajar da aka riga aka ɗora wa kwamfutar, kamar Windows. Sashe na 16 na dokar ya lissafa kayan da ba a mayarwa, kuma a cikinsu akwai manhajar da ta zo a rufe da hatimi idan mai saye ya ɓalle hatimin. Dalilin a bayyane yake, tunda mutum na iya kwafe faifai ya mayar da shi a matsayin sabo. Wasu kantuna sukan fake da wannan sashe su ce da zarar an kunna kwamfuta an amince da sharuɗɗan Windows, ciniki ya faɗa. A ganina wannan hujja ba ta da ƙafa, domin manhajar da ke zaune cikin kwamfuta ba ta zo da wani hatimi da za a ɓalle ba, kuma babu yadda za a gwada kwamfuta ba tare da an kunna ta ba. Amma idan an haɗo da wani faifai ko katin lasisi a cikin leda mai hatimi, mai saye ya yage, to wannan ɓangaren na iya fita daga abin da za a biya shi.

Wata dabarar kuma ita ce cewa kwamfutar an haɗa ta ne bisa zaɓin mai saye, don haka ta shiga jerin kayan da aka ƙera wa mutum shi kaɗai, kamar rigar da tela ya ɗinka da awonsa. Babbar kotun tarayya ta Jamus ta duba wannan a watan Maris na 2003, inda ta ce kwamfutar tafi-da-gidanka da aka harhaɗa daga sassan da kowa ke saye, waɗanda za a iya warewa da ɗan ƙaramin kuɗi a sake sayarwa, ba ta cikin wannan jeri.

Sai dai damar gwaji tana da iyaka, kuma ma'aunin da dokar ta kafa shi ne abin da za a bar mutum ya yi a kanti. Idan ya wuce haka, haƙƙinsa na fasa ciniki yana nan, amma za a cire masa gwargwadon darajar da kayan suka rasa. Jagorar da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar ta kawo misalin kwamfuta kai tsaye: a kanti ba a barin mutum ya saita manhaja yadda yake so, saboda haka kuɗin da ya dace na mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta ana iya ɗora masa. Wanda ya buɗe asusunsa a kai, ya zuba hotunan biki, ya yi rajistar lasisin Office da sunansa, kada ya yi mamaki idan kuɗinsa ya dawo da giɓi. Ya kamata kuma ya goge bayanansa kafin ya rufe kwalin.

Kantin da bai sanar da mai saye wannan haƙƙi ba shi ke kwana a ciki, domin wa'adin yana ƙaruwa da wata 12, kuma ba zai nemi diyyar raguwar daraja ba. Tun ƙarƙashin dokar da ta gabaci wannan Kotun Tarayyar Turai ta nuna inda ta dosa. Wata mata a Jamus ta sayi kwamfutar hannu ta intanet a kan yuro 278 a Disambar 2005, allon ya lalace bayan kimanin wata takwas, ta fasa cinikin tunda ba a sanar da ita haƙƙinta yadda ya kamata ba kuma wa'adinta bai ƙare ba, mai sayarwa kuma ya ce ta biya shi yuro 316.80 na morar da ta yi, wato fiye da kuɗin kwamfutar kanta. A Satumbar 2009 kotun ta ce ba a yarda a riƙa cajin mai saye kuɗin amfani haka kawai don ya fasa ciniki cikin wa'adi ba.

Akwai kuma masu son kwamfutar amma ba sa son Windows, galibi masu amfani da Linux (wata manhajar da ke maye gurbin Windows), waɗanda ke neman a cire musu kuɗin manhajar su riƙe ƙarfen. A Satumbar 2014 kotun ƙolin Italiya ta ba wani mai saye gaskiya, ta umarci kamfanin HP ya mayar masa da yuro 140, bisa dogaro da sharuɗɗan lasisin da suka yi alkawarin mayar da kuɗi ga wanda bai amince ba. Bayan shekara biyu lissafin ya canza. Wani Bafaranshe da ya sayi kwamfutar Sony mai ɗauke da Windows Vista a kan yuro 549 a 2008 ya nemi yuro 450 na manhaja. Kamfanin ya ce sai dai ya dawo da kwamfutar gaba ɗaya ya karɓi kuɗinsa cif. Ranar 7 ga Satumba, 2016 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa sayar da kwamfuta haɗe da manhaja, ba tare da zaɓin samun irinta babu manhajar ba, ba zalunci ba ne a karan kansa muddin an sanar da mai saye tun farko, kuma rashin bayyana farashin kowace manhaja daban bai zama yaudara ba. A aikace ke nan, hanyar da ta tabbata ga wanda ya ƙi manhajar ita ce mayar da kwamfutar dungurungum cikin wa'adi.

Duk wannan daban yake da batun kaya masu aibi. Idan kwamfutar ta zo da matsala, ko manhajar da aka sayar da ita tare ta ƙi aiki, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022 mai lamba 2019/771 ta ɗora wa mai sayarwa alhaki na aƙalla shekara biyu, har da samar da sabuntawar tsaro da manhajar ke buƙata. Aibin da ya bayyana cikin shekarar farko ana ɗaukarsa tun asali yake sai mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka, wasu ƙasashe kamar Faransa ma sun kai wannan wa'adi shekara biyu. Ana farawa da gyara ko canji kyauta, kuma kuɗin aikawa a kan mai sayarwa yake. Idan hakan ya gagara sai a koma ga rage farashi ko warware cinikin.