"Ƙasa ta gwamnati ce" ba lasisin shiga gonar mutum ba ne

A ƙauyukan Kano da Jigawa, da zarar katafila ta kutsa gona ana aikin hanya, sai ka ji dattawa suna cewa, "A yi haƙuri, ƙasa ta gwamnati ce." Wannan rabin magana ce.

Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha hannun gwamna, amma a matsayin amana. Kafin a karɓe gonarka, sashe na 28 ya ce sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba ka sanarwa. Sashe na 29 ya tanadi diyyar shuka da gini, Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 44, ya ba ka damar zuwa kotu.

Ɗan kwangila fa? Takardar kwangilarsa tsakaninsa da ma'aikata ce, ba ta shafi gonarka ba. In ya tattake gero yana ɗaukar ciki, ya tumɓuke ɗorawa, ko ya haƙa ramin marmara ya bar maka kududdufi ba da izini ba, ana iya maka shi kotu, har da hukumar da ta turo shi. Rashin takardar mallaka ma, wanda mutane suka fi tsoro, ba ya soke haƙƙin gonar gado da ake nomawa.