Waiwaye: Daga ina wahalar tace bidiyon talabijin ta samo asali?

Ƙorafin ya zama ruwan dare tsakanin masu tace bidiyo, daga ɗakunan labarai har zuwa matasan da ke yanko gutsuren hira su saka a Facebook. An naɗi shiri daga dikoda, an zuba shi a kwamfuta, sai manhajar tacewa ta ƙi karɓa. Idan ma ta karɓa, baki ya riga murya, ko hoto ya riƙa sandarewa. Wasu na cewa kwamfuta ce ba ta da ƙarfi, wasu na zargin manhaja. Amma matsalar ta girmi kwamfutocin da ake tuhuma.

Farkon labarin sananne ne. Talabijin ɗin da muka tashi da ita ta analog ce, mai tsarin PAL a Najeriya, SECAM a Nijar, duka hoto 25 a daƙiƙa, ana naɗa a kaset. A 1995 tsarin DV na naɗar bidiyon dijital a kaset ya fito, ƙananan kaset ɗinsa suka cika ɗakunan tace fim. A tsakiyar shekarun 1990 aka tsayar da MPEG-2, tsarin matse bidiyo don rage nauyinsa, H.264 mai irin wannan aiki ya biyo baya a 2003. A 2006 yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Janiba ta sa 17 ga Yunin 2015 ya zama wa'adin mayar da watsa talabijin dijital, Najeriya kuma ta fara nata a Jos a 2016.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne ranar da dikoda ta samu ramin filashi.

A zamanin kaset ɗin DV, edita ba shi da zaɓi. Dole ya haɗa na'ura da kwamfuta da wayar FireWire, ya kunna kaset, ya zauna. Shirin awa ɗaya yana cin awa ɗaya cur, ya cinye kusan gigabait 13. Mutane sun ɗauki wannan zama a matsayin ɓata lokaci, alhali a cikinsa ake samun fayil ɗin da aka yi domin yanka: a DV kowane hoto cikakke ne, ana iya sa almakashi a ko'ina. Da dikoda mai naɗa ta zo, aka yi murnar hutawa daga wannan zama, ba a lura an jefar da matakin da ke gyara wa edita hanya ba.

Wajen naɗa, dikoda ba ta sarrafa komai. Abin da tasha ta watso shi take rubutawa a filashi, yawanci fayil mai ƙarewa da .ts, wanda ƙunshi ne na ƙananan fakiti masu bait 188 kowanne. An tsara shi ne domin tafiya a iska, yadda mai kallo zai kama tasha a tsakiyar shiri. Don a rage nauyi, cikakken hoto ɗaya ake aikawa, sai jerin waɗanda ba su ɗauke da komai sai bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. A MPEG-2 cikakken hoton kan zo duk bayan kamar hoto 12, wato kusan rabin daƙiƙa, a H.264 tazarar na iya fin haka. Idan edita ya tsaya a tsakiyar jerin, sai kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton daga tushe. Sandarewar ke nan.

Saɓanin baki da murya kuwa daga agogo yake. Hoto da sauti kowanne yana tafe da hatimin lokacinsa. Idan hadari ya haɗu sigina ta yanke, fakiti sukan salwanta. Talabijin tana tsallake giɓin ta bi hatimi ta ci gaba, amma manhajar tacewa da yawa ƙirga hotuna suke yi, sai kowane giɓi ya ƙara tazara. Shi ya sa farkon shiri yake daidai, ƙarshensa ya karkace. Ga kuma filashi mai tsarin FAT32 da ba ya ɗaukar fayil sama da gigabait 4, sai dogon shiri ya rarrabu gida-gida.

Gyaran iri biyu ne, kuma rikita su ke jawo asara. Na farko sauya mazubi kawai: a FFmpeg, manhajar sauya fayil ɗin bidiyo wadda kyauta ce, ana ba da umarnin -c copy a kwashe hoto da sauti daga .ts zuwa .mp4 ko .mkv. Cikin mintuna ake gamawa, inganci ba ya raguwa, kuma ya isa idan manhaja ƙin buɗewa kawai take yi. Sai dai jerin hotunan nan yana nan daram.

Na biyu shi ne sake matsawa zuwa tsarin da kowane hoto yake cikakke, kamar ProRes ko DNxHD, a mayar da sauti PCM, wato sautin da ba a matse ba, a kilohaz 48. A haɗe gutsattsarin fayil tun suna .ts kafin a fara. A bar hoto 25 a daƙiƙa yadda yake; mayar da shi 30 ke sa motsi tsalle-tsalle. Idan aikin na intanet ne, a warware saƙar layuka (yadda talabijin ke raba kowane hoto fili biyu, layi-bayan-layi) da matatar yadif ko bwdif da ke cikin FFmpeg, in ba haka ba gefen duk abin da ke motsi zai fito kamar haƙoran matsefi. Idan a talabijin za a sake watsa shi, a bar saƙar, a kiyaye wane fili ke fara zuwa. A duba faɗi ma, domin hoto mai ɗigo 720 a 576 na iya zama 4:3 ko 16:9, kuskure a nan ke sa mutane su fito dogaye sirara.

Kuɗin wannan gyara wurin ajiya ne. Awa ɗaya da aka naɗa a megabit 4 ba ta kai gigabait 2 ba, amma awa ɗaya ta 1080 a ProRes 422 tana kai kusan gigabait 55. Mai ƙaramin faifai ya fara yanko sashen da yake buƙata, sannan ya sauya. Fayil ɗin da dikoda ta kulle da mabuɗinta kuwa, ba ya buɗuwa sai a kanta. Wannan sai a nemi kwafi daga tashar da ta mallaki shirin.