Ɗumama ruwa da zafin rana

Ɗumama ruwa da zafin rana hanya ce ta tara zafin da ke cikin hasken rana a zuba shi cikin ruwan wanka, na wanke-wanke ko na wurin ninƙaya, ba tare da itace, gawayi ko wutar lantarki ba. Na'urar daban take da faifan sola da ake kira pano. Pano wuta yake bayarwa, ita kuwa zafin take kamawa kai tsaye, shi ya sa take cin moriyar kusan rabin ƙarfin ranar da ya sauka a kanta, pano kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Tarihi

Clarence Kemp na birnin Baltimore a Amurka ne ya yi rajistar na'urar farko ta sayarwa a 1891. A 1909 William Bailey ya raba wurin kama zafi da tankin ajiya, ruwa ya riƙa kwana da ɗuminsa. A Nijar aikin ya daɗe: an kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, a 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya karɓi jagorancinsa a 1969. A ƙarƙashinsa an ƙera irin waɗannan na'urori a Yamai. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Yadda take aiki

Sassanta uku ne: makamin zafi, tanki mai rufin hana sanyi, da tiyon da ke haɗa su. Makamin zafi iri biyu ne. Akwai akwati mai murfin gilashi, cikinsa baƙin faranti da bututun tagulla. Akwai kuma jerin kwalabe dogaye, kowace mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, tsawonta mita 1.8, faɗinta milimita 58. Na biyun ya fi araha, galibi daga Sin ake kawo shi.

Ba a buƙatar injin tura ruwa. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Dole ke nan tanki ya kasance sama da makamin. In a rabe suke, a bar aƙalla santimita 30 tsakanin gindin tanki da saman akwatin, kuma tiyo ya yi ta hawa ba tare da ya lotsa ba. Inda ya lotsa iska ke maƙalewa, zagayen ya tsaya. In tankin ya yi ƙasa, da dare ruwan zai juya baya, ya huce kafin asuba.

Lissafin girma

Ɗaga zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1 yana cin wat-awa 1.16 na makamashi. Lita 150 daga digiri 22 zuwa 55 na buƙatar kusan kilowat-awa 6. Ƙasar Nijar na samun kilowat-awa 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita kullum, don haka akwati mai murabba'in mita 2, ko kwalabe 15, ya wadatar. Gidan da ake wanka da bokiti, lita 20 zuwa 30 na ruwan zafi sun ishi mutum guda, tunda sai an surka.

In aka ɗauki Damagaram misali, tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Ana fuskantar da na'urar kudu. Da yake lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, aka fi son ruwan zafi, kuma a lokacin rana ta karkata kudu sosai, gara a jingina ta da digiri 25 zuwa 30. Wannan jinginar tana rage mata zafi a Afrilu da Mayu, wanda alheri ne. Nauyinta cike da ruwa ya haura kilo 200. Rufin kwano ko soron ƙasa irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba za su ɗauka ba, sai a gina mata dakali ko ƙafafun ƙarfe.

Abin da ke lalata ta a Damagaram

Rana ba ta yin kaɗan a nan, ruwa ne ke yankewa. Garin yana kan dutse, ruwan famfonsa daga wajen gari ake janyo shi, kamar Gogo da Machaya da Arunguza, kuma unguwanni na shafe kwanaki ba ɗigo. Kwalbar da ta bushe a rana cikinta na haura digiri 200. Ruwa ya dawo da azahar, mai sanyi ya faɗa mata, sai ta tsage, kuma a irin na'urar da ruwa ke shiga kwalabe kai tsaye, fashewar guda ɗaya ta isa ta tsiyayar da tankin duka. Maganin shi ne a ciyar da na'urar daga shaton gida, wato tankin ajiyar ruwa da ake ɗorawa a sama, maimakon layin gari, a sa makulli a mashigarta. In ta bushe, kada a cika ta sai da sassafe ko bayan magariba. Gidan da ba shi da shato, akwati mai bututun tagulla ya fi masa kwanciyar hankali ko da ya fi tsada.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke zuwa daidai lokacin da aka fi buƙatar na'urar. Sharar gilashi da tsumma mai laima sau biyu a mako, da safe kafin ya ɗau zafi, ta wadatar. A bazara matsalar ta juye: ruwa na iya tafasa a tanki. Ana lulluɓe rabin kwalaben da tabarma ko buhu, kuma ba a taɓa toshe bututun fitar tururi.

Tiyon PVC na ruwan sanyi yana laushi in zafi ya kai digiri 60, sai a sa PPR na ruwan zafi ko tagulla, a naɗe shi da soso, a kare soson daga rana don tana cinye shi. Ruwan rijiyar burtsatse mai gartsi yana tara farin dutse a ciki, ana narkar da shi da ruwan tsami na binigar. A tankin ƙarfe akwai sandar maganiziyam da ke hana tsatsa, a duba ta kowace shekara.

Lafiya

Ruwa mai digiri 60 na ƙona fata cikin ƴan daƙiƙu, fatar yaro kuma ta fi saurin ƙonewa. Duk da haka ana son tanki ya riƙa kai wannan zafin, domin ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Sai a sa makullin surki a mafita, ya sauke ruwan zuwa 45 ko 50. Gidan da ake wankan jego, ɗibar ruwan na'urar a ƙarasa shi kan murhu yana rage itace ƙwarai.

Wurin ninƙaya

A Damagaram irin wannan wuri kaɗan ne, kuma watannin sanyi kaɗai yake son ɗumi. Digiri 26 zuwa 28 ake nema, don haka ba a sa gilashi: baƙar tabarmar roba mai ƙananan bututu ake shimfiɗawa, faɗinta rabin faɗin ruwan ko fiye, injin tace ruwa ya riƙa tura ruwa cikinta da rana. Ba a sa tagulla, sinadarin kulorin yana cin ta.

Babbar asarar daga tururi take. Wuri mai mita 8 da 4, zurfin mita 1.5, na ɗaukar lita 48,000. In busasshiyar iskar hunturu ta kwashe santimita 1 daga samansa, lita 320 ke nan, kuma zafin da ya tafi da su ya kai ya sauke ruwan da kusan digiri 4. Saboda haka ledar rufe ruwa da dare ake fara saye kafin tabarma. A bazara ana kunna injin cikin dare, tabarmar ta saki zafi ruwan ya yi sanyi.